Kurakuran da aka fi yi wajen auna sauyin tsari a ferobskayit na kuza

Ferobskayit rukunin sinadarai ne masu wani tsarin kiristal na musamman, wanda kan sauya idan zafi ya canza. Amma ba duk motsin da aka gani a sifektiram (zanen da ke nuna yadda hasken da ya fito daga samfuri ya rarrabu) ne sauyin tsari ba. A sinadarai irin su CsSnI3, MASnI3 da FASnI3 (Sn ita ce kuza, MA da FA kuwa methylammonium da formamidinium ne), sau da yawa samfurin ne ya lalace, ko kuma zafin da aka rubuta ba shi ne ainihin zafin da ke jikinsa ba.

Babbar matsala ita ce iska. Kuza mai caji 2+ ba ta jure oksijin da danshi, nan da nan take komawa 4+. Baƙin CsSnI3 yakan rikiɗe zuwa tsarin rawaya, daga nan ya zama Cs2SnI6, wanda ke ba da ƙololuwa mai kaifi wajen 122 cm⁻¹ a ma'aunin Raman, wato awon hasken leza da samfuri ya warwatsa. Mai awo sai ya ɗauka sabon tsari ne ya bayyana. Tun kafin a kai nan ma, guraben da kuza ta bari suna ƙara yawan ramukan caji (wuraren da aka rasa elektiron), hasken da samfurin ke fitarwa ya faɗaɗa, ya karkata zuwa makamashi mafi girma. Maganinsa shi ne a haɗa samfuri a rufaffen akwati mai naitirojin, oksijin da ruwa ƙasa da 1 ppm (kashi ɗaya cikin miliyan), a zuba SnF2 kamar kashi 10 cikin 100 na mol, sannan a kai shi na'urar sanyayawa a rufe. A guji dafa narkakken sinadarin a DMSO (ruwan da ake narkar da shi a ciki) da zafi mai yawa, domin shi kansa DMSO yana mayar da kuza 4+. A auna a zafin ɗaki kafin a fara da bayan an gama. In awon biyu ya saɓa, a watsar da sakamakon.

Sai leza. Giɓin makamashin CsSnI3 (mafi ƙarancin makamashin hasken da yake iya shanyewa) kusan 1.3 eV ne, wato wajen 950 nm, don haka hasken leza na 532 nm da na 785 nm duk shanye su yake yi, wurin da hasken ya sauka ya ɗumama. Yayin ɗumamawa, sauyin sai ya zama kamar ya zo da wuri. A rage ƙarfin leza rabi a sake awo. Idan ƙololuwa ta motsa, ƙarfin ya yi yawa. Kwatanta layin Stokes (layin Raman na hasken da ya rasa makamashi) da kishiyarsa yana nuna zafin wurin kai tsaye. Haka kuma na'urar kama haske ta silikon tana rauni daga wajen 1000 nm, tana yanke gefen siginar. Ta InGaAs ta fi dacewa.

Gaggawa ma tana ɓata aiki. Ma'aunin zafi yana jikin ƙarfe, samfuri kuwa yana kan gilashi, wanda ba ya isar da zafi da sauri. A riƙa tafiya 1 zuwa 2 K (ma'aunin zafi na Kelvin) a minti, a dakata minti 10 a kowane mataki, a auna yayin sanyayawa da yayin ɗumamawa, tunda wasu sauye-sauyen ba sa faruwa a zafi ɗaya a tafiya da dawowa. A matse matakai a inda ake sa ran sauyi: MASnI3 wajen 275 K da 110 K, FASnI3 wajen 250 K da 150 K. CsSnBr3 yana barin tsarin kubik (mai siffar akwati da duk ɓangarorinsa daidai suke) wajen 290 K, kusa da zafin ɗaki ƙwarai, saboda haka rubuta "zafin ɗaki" kawai bai wadatar ba, sai an sa adadi.

Wajen fassara ma ana tuntuɓe. A waɗannan sinadarai giɓin makamashi yana ƙaruwa ne idan zafi ya ƙaru, saɓanin silikon, don haka karkatar haske zuwa ja a hankali yayin sanyayawa ba alamar komai ba ce. Abin nema shi ne tsalle, ko canjin gangaren layi, ko rabuwar ƙololuwa. Tsarin kubik kuma bai kamata ya ba da layukan Raman masu kaifi ba, faffaɗar sigina ce ƙasa da 150 cm⁻¹, wadda sai da matatar haske ta musamman ake ganinta. Kuma sifektiram shi kaɗai ba ya faɗin wane tsari aka shiga. Kafin a kira shi tetiragonal ko otorombik, sai an tabbatar da awon XRD (awon tsarin kiristal da hasken X-ray) a wannan zafin, ko aƙalla DSC (awon zafin da samfuri ke sha ko fitarwa) ya nuna inda sauyin yake.