Yadda Ake Haɗa Na'urar Auna Gulukos Mai Enzayim Wadda Za Ta Yi Ƙarko

Duk ɗalibin da ya samu kayan aiki zai iya haɗa na'ura mai enzayim, wato furotin da ke hanzarta aikin sinadarai, ta yi aiki a ranar. Inda ake shan wuya shi ne a ɗauko ta bayan makonni a tarar amsarta ba ta canja ba. A kan wannan nake son in tsaya, kuma da enzayim ɗin gulukos oksidas zan yi misali, wanda ake samu daga naman gwari mai suna Aspergillus niger, domin yana da araha kuma yana da juriya. Tun 1962 Leland Clark da Champ Lyons suka kawo dabarar: enzayim ya ci gulukos da iskar oksijin, ya fitar da haidirojin feroksaid, ilektorod kuma ya mayar da wannan canjin zuwa wutar da za a iya aunawa.

Ka fara da ilektorod na kabon da aka buga a kan roba, ka haɗa shi da ƙaramin fotenshiyostat, na'urar da ke saita bolt ta kuma auna wutar da ke gudana. Filatinam yana aiki, amma ban da tsadarsa, sai an kai wuta wajen +0.6 bolt kafin ya ji feroksaid, kuma a wannan matakin bitamin C da yurik asid da farasitamol duk suna shigowa su ɓata amsa. Maganin wannan shi ne shuɗin Purusha, wani sinadari mai launin shuɗi da ake shafa wa ilektorod, wanda Arkady Karyakin ya nuna amfaninsa a shekarun 1990: da shi ana aiki kusa da sifili, wajen -0.05 bolt, inda waɗancan ba sa damun kowa. Haɗa shi ba wuya. Ka gauraya ferik kulorayid 0.1 M da fotasiyam ferisayanayid 0.1 M daidai wa daida, kowanne a cikin HCl 10 mM, ka ɗiga a kan ilektorod na minti 10, ka ɗauraye, ka busar a tanda mai zafin 100°C na minti 90. Baƙin kabon zai ɗauki ɗan sheƙin shuɗi. Kada ferisayanayid ya haɗu da asid mai ƙarfi da ba a sirka ba, domin yana iya sakin iska mai kisa. Ka kuma sani shuɗin nan yana narkewa idan pH ya haura 7 sosai, kuma yana son fotasiyam, saboda haka nake zuba KCl 0.1 M a ruwan bafa na fosfet, wato ruwan da ke hana pH motsi, in riƙe pH tsakanin 6 da 7.

Sai ɗaure enzayim, kuma nan ne ƙarko yake. Idan ka ɗiga shi kawai ya bushe, wankin farko zai tafi da shi. Ana ɗaure shi da gulutaraldihaid, amma wannan sinadari ba ya tausayi: in ya yi yawa sai ya ɗaure enzayim ɗin har ya kasa motsi. Shi ya sa ake haɗawa da furotin BSA, ya ɗauke yawan ɗaurin. Ni daga gulutaraldihaid kashi 0.25 cikin ɗari nake farawa, in ɗiga maikrolita kaɗan, in bar shi ya bushe da kansa a zafin ɗaki. Fatar da ta yi kyau siririya ce, a shafe, da ɗan ruwan ɗorawa. In ta koma ruwan ƙasa ta tsattsage a gefe, ɗaurin ya wuce kima. Safar hannu da tabarau da wuri mai jan iska wajibi ne. Wanda ke son hanya mai laushi ya gwada kitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, a narkar da shi cikin asetik asid kashi 1 cikin ɗari.

Ga abin da na fi so mai koyo ya riƙe. Ka zuba enzayim fiye da buƙata, sannan ka rufe shi da fatar da za ta rage saurin shigar gulukos, kamar Nafion mai ruwa-ruwa. Mutane ba sa son wannan saboda alamar da na'urar ke bayarwa tana raguwa, ni kuwa ina ganin cinikin riba ne. Idan fatar ce ke ƙayyade abin da ke shiga, ko wani kaso na enzayim ya mutu, wanda ya rage zai cinye ɗan gulukos ɗin da ke isowa, amsa ba ta motsa ba. Kamar ma'aikata ne masu yawa a bayan ƙofa ƙarama: ko wasu sun tafi, aiki bai tsaya ba. Akwai fa'ida ta biyu. Oksijin da ke cikin ruwa bai wuce wajen 0.25 mM ba, alhali gulukos a jinin mai lafiya da bai karya ba yana tsakanin 3.9 da 5.5 mM. In ba a rage shigarsa ba, oksijin zai ƙare, layin awo ya lanƙwashe tun da wuri.

Wajen gwaji, ka jiƙa gulukos ɗinka ya kwana kafin ka yi amfani da shi. Gulukos nau'i biyu ne, alfa da beta; enzayim ɗin nan nau'in beta kaɗai yake ci, garin da aka saba sayarwa kuma alfa ne. A cikin ruwa a hankali yake juyawa har beta ya kai wajen kashi 64. Wanda ya auna da sabon jiƙo zai ga amsa tana hawa da kanta, ya ɗora wa na'urarsa laifin da ba nata ba.

Ajiya kuma zafi da danshi ne abokan gaba. Ka ƙara ɗan tirehalos, wani nau'in sukari, a haɗin enzayim, yana kare shi lokacin bushewa. Ka rufe na'urorin a busasshiyar leda da ƙullin silika, a firji a 4°C, kuma in ka fito da su kada ka buɗe sai sun daina sanyi, in ba haka ba raɓa za ta sauka musu. Ka haɗa da yawa a zama ɗaya, duk mako ka ciro ɗaya ka auna da gulukos iri ɗaya, ka rubuta. Wannan rubutun ne kawai zai ba ka ikon cewa na'urarka tana da ƙarko. Kuma ko ta yi kyau yaya, ta koyo da bincike ce. Kada mai ciwon sukari ya auna jininsa da ita ya yanke shawarar magani.