Kurakuran da aka fi yi wajen auna kitsen jiki da tef ɗin tela

Da yawa daga cikinmu, da zarar mun hau sikeli an lissafa mana BMI, wato lissafin da ke kwatanta nauyin mutum da tsawonsa, sai mu ɗauka mun san yawan kitsen jikinmu. Ba haka ba ne. Lissafin nan, wanda ya samo asali daga Adolphe Quetelet ɗan ƙasar Beljiyam a shekarun 1830, nauyi da tsawo kawai yake dubawa, bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Ɗan dambe mai ƙirar ƙarfi zai iya haura 25 a ce masa yana da ƙiba, siriri mai ɗan tumbi kuma a ce lafiyarsa ƙalau, alhali kitsen ciki yana ƙara hatsarin kamuwa da ciwon suga da hawan jini.

Shi ya sa na fi yarda da awon ƙugu. Sai dai a nan ne kuskuren ya fi yawa, kuma yana damuna ƙwarai. Maza kan ɗora tef inda tazuge yake zama, ƙasan tumbi, sai su bar ainihin abin da ake nema a sama. Wurin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a auna shi ne daidai tsakiya, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu. Ka laluba su da yatsa, ka tsaya sosai, tef ya kwanta a fata ba a kan riga ko zani ba, kada ya matse. Ka saki numfashi yadda ka saba sannan ka karanta. Kada ka shanye ciki, kuma kada ka auna bayan ka ci tuwo ka ƙoshi. Da safe ya fi.

A duba tef ɗin ma. Gefe guda inci ne, ɗayan santimita, kuma tsohon tef yakan miƙe. Namiji da ya wuce santimita 94, ko mace 80, hatsari ya fara. Daga 102 da 88 ya tsananta. Hanya mafi sauƙi: ƙugu ya gaza rabin tsawonka. Mai santimita 170 kada ya kai 85.

Masu bin lissafin sojojin ruwan Amurka kuwa, wanda ke ƙiyasta yawan kitsen jiki daga awon tef da tsawon mutum, wuya ake aunawa ƙasan maƙogwaro, namiji ya auna ciki daidai cibiya, mace ta auna ƙugu inda ya fi siranta, ta ƙara da awon kwankwaso inda ya fi faɗi. Ƙiyasi ne, yakan kauce da kashi uku ko huɗu cikin ɗari, kuma bai dace da mai juna biyu ba. A auna sau uku a ɗauki matsakaici, a maimaita bayan wata guda da tef ɗin da aka fara da shi.