Yadda ake gyaran jikin tsohon jirgin ruwa na faiba mai tafiya da iska a yanayin Sakkwato

Ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska na faiba (zaren gilashi da aka haɗe da rezin, wani irin ƙaro mai daskarewa) da aka ƙera a shekarun 1960 da 1970 suna da kaurin jiki, shi ya sa har yanzu ake samunsu da sauran ƙarfi. Wanda ya sayo irinsu daga Legas don yawon ƙarshen mako a madatsar ruwa ta Goronyo ko tafkin Kainji ta wajen Yawuri, kada ya yi gaggawar jefa shi ruwa. Jikin za a fara dubawa.

A ɗora jirgin a kan katako a inuwa, a wanke shi. Sai a ɗauki ƙaramar guduma ta roba a bi jikin ana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya ƙararsa tsaf take fita, inda faiba ta rabu kuwa sai a ji dum. A zagaye duk irin wurin da alli. A taka saman jirgin ma, musamman gindin sandar da ke riƙe ƙyallen iska. Idan yana lotsawa, katakon da ke tsakiyar faibar ya sha ruwa ya ruɓe, wannan kuma aiki ne babba daban.

Abin da aka fi gani a ƙasan jirgi shi ne ƙuraje. Ruwa ne ke ratsa fatar waje a hankali, ya haɗu da ragowar rezin da bai gama daskarewa ba, ya zama ruwa mai tsami ya kumburo. A sa tabarau kafin a fasa, domin yakan yi tsartuwa. A gurje kowane ƙurji da injin gurza har a kai faiba mai tsabta, a riƙa wanke ramukan da ruwa duk bayan kwana biyu ko uku. Wankin dole ne: tsamin nan janyo danshi yake, idan ya zauna ramin ba zai bushe ba.

A nan Sakkwato ta fi Legas. Iskar hunturu tana busar da jikin jirgi da sauri, don haka a gurje a Nuwamba a bar shi ya sha iska makonni. Gwajin bushewa mai sauƙi ne: a manne leda a kan wurin da salatif ta kwana. In an ga raɓa a cikinta da safe, a ƙara haƙuri.

Inda akwai huda ko tsagewa, a fiƙe bakin a gangare, faɗinsa ninki 12 na kaurin jiki. Jiki mai milimita 6 ke nan yana son gangare na kusan santimita 7 ta kowane ɓangare. A goge da asiton, sinadarin cire maiƙo. A yanka ƙyallen faiba kashi-kashi, babba a fara shimfiɗawa, ƙanana su biyo baya. Tabarmar faiba mai giram 450 a murabba'in mita tana ba da kaurin kusan milimita 1 a kowane shimfiɗi, tana kuma shan rezin wajen ninki biyu da rabi na nauyinta.

Zafi ne abokin gaba. Rezin foliyesta ana zuba masa hadina, sinadarin da ke daskarar da shi, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, amma a zafinmu a tsaya a kashi 1, wato mililita 2 a giram 200, a auna da sirinji. Ƙasa da haka ba zai daskare da kyau ba. Kada a dama fiye da giram 200 a lokaci guda, a yi aikin da sassafe, domin da ranar bazara kafin minti 10 ya daskare a gwangwani, har hayaƙi yakan yi. A danna da buroshi har farin kumfa ya ɓace, a dakata bayan shimfiɗi uku wurin ya huce. Hadina tana makantarwa idan ta shiga ido, ƙurar faiba kuma sai da takunkumi.

Mu dai a ƙasan jirgi mun fi son rezin efoksi duk da tsadarsa, don ya fi kama tsohuwar faiba kuma ya fi tare ruwa. Ma'auninsa a bi na jikin gwangwani daidai, ƙarin hadina ba ya sa shi sauri, lalata shi yake. Da saƙaƙƙen ƙyalle ake aiki da shi, ba tabarma ba.

Idan ya daskare a goge da samfefa mai lamba 80, a shafa efoksi sau huɗu ko biyar a duk ƙasan, sannan fenti, tunda rana tana cinye efoksin da aka bari tsirara. Ranar shafa a yayyafa ruwa a filin wurin aikin a kewaye da tamfol saboda ƙura.