Yadda nake buga ƙ, ɗ da ɓ a kwamfuta

Ina da ɗan shagon buga takardu a Tudun Wada, kusa da Poli. Kwanan baya wani dattijo ya shigo da takardar walimar saukar Alƙur'ani ta jikokinsa, wadda aka buga masa a wani wuri. Ya ɗora yatsa kan wani layi ya ce, "Ɗana, karanta min nan." Na duba, an rubuta "Raba abinci ga baki." Ransa a ɓace ya ce shi baƙi ya gayyata, kuma wanda ya buga ya gaya masa wai kwamfuta ba ta da wannan harafin. Na ce, "Baba, zauna, yanzu za a gyara." Harafin yana nan a ciki, nemo shi ne mutane ba su iya ba. Abin yana ci min rai, domin fada daban faɗa daban, haka kura da ƙura, balle bari da ɓari.

Mu fara da Microsoft Word, tunda a nan yawancinmu muke aiki. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, wanda duk kwamfutoci da wayoyin zamani suka sani. Waɗannan na rubuta a takarda na manna a jikin tebur:

ƙ 0199, Ƙ 0198
ɗ 0257, Ɗ 018A
ɓ 0253, Ɓ 0181

Ka buga lambar, ka riƙe Alt ka danna X, nan take za ta rikiɗe ta koma harafi. Sai dai akwai wani tarko da yake kama kusan duk yaron da na koya wa. A ce "haɗa" za ka rubuta. Ka buga h da a, ka biyo da 0257, ka danna Alt da X, sai ka ga wani akwati ya fito. Dalili shi ne a wannan lissafin haruffan a zuwa f su ma lambobi ne, saboda haka Word ya haɗa a ɗin da lambar ya karanta su tare. Maganinsa, ka sa U+ a gaban lambar, wato haU+0257, sannan ka danna.

Wannan dabarar ta fita kunya ce in kana kan kwamfutar wani. A taka kuwa, bai kamata ka riƙa wahalar lamba kullum ba. Shiga Insert, ka zaɓi Symbol, sai More Symbols. A gurbin Subset nemi Latin Extended-B, a nan ƙ da Ƙ da Ɗ da Ɓ suke. Ƙananan ɗ da ɓ ba sa wurin, suna cikin IPA Extensions, kuma a nan ne mutane da yawa suke gajiya su ce babu. In ka ga harafin, ka taɓa shi, ka danna Shortcut Key, ka zaɓa masa maɓallan da kake so, ka danna Assign. Ni Alt da K na ba wa ƙ, Alt da D na ba wa ɗ, Alt da B na ba wa ɓ, manyan kuma ina ƙara Shift. Word zai nuna maka cewa Alt, Shift da D aikinsu saka kwanan wata ne. Ban taɓa buƙatar wannan ba, na ƙwace su na ba wa Ɗ. Ka tabbata wurin ajiyewa yana kan Normal, don ya zauna a kowace sabuwar takarda. Aikin minti goma ne, kuma sau ɗaya ake yin sa.

Illarsa ɗaya, iyakarsa Word. Da ka koma CorelDRAW za ka tsara katin ɗaurin aure, ko ka shiga Facebook, ba zai yi ba. A nan kibod ɗin Hausa na Windows yake da rana. Shiga Settings, sai Time & Language, ka nemi wurin ƙara harshe ka zaɓi Hausa. Daga nan maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara su ne ke juya ka tsakanin Turanci da Hausa. In kana kan Hausa, riƙe Alt na hannun dama ka danna k, d ko b. Na dama fa, na hagu ba ya yi. Wanda ba ya son taɓa saitin kwamfutar ofis, ya danna Windows da V, ya kunna ma'ajiyar abin da aka kwafa, ya kwafi haruffan shida ɗaya bayan ɗaya ya maƙale su da alamar fil. Ko an kashe kwamfutar suna nan.

Sai maganar 'ya'ya da 'yan'uwa. Mu a Najeriya da 'y muke rubutawa, 'yan'uwanmu na Nijar su ke amfani da ƴ, lambarsa 01B4, babban kuma 01B3. Abin lura shi ne in alamar ta zo a farkon kalma, Word yana juya ta baibai, yana zaton zancen wani za ka buɗe. Da ta juya ka danna Ctrl da Z sau ɗaya, za ta miƙe.

Alamar naira ma tana nan, ba sai an buga N an bi ta da biro ba: 20A6, sai Alt da X, ka samu ₦. In kibod ɗinka yana da rukunin lambobi a gefen dama, kunna Num Lock, ka riƙe Alt ka buga 0176 don °, 0215 don ×, 0247 don ÷, 0189 don ½. Lambobin da ke jere a sama ba sa wannan aikin.

Abin da ya fi kawo min ɗalibai hankali tashe shi ne tsohon rubutu. Kafin Unicode ya yaɗu, da font na musamman, wato salon haruffa, ake buga Hausa, irin su Rabi'at da Abdalla, kuma sun yi wa adabinmu hidima sosai a lokacinsu. Amma su aron gurbin wasu alamomi suka yi, saboda haka in aka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da su, sai ka ga }asa da ]aya a maimakon ƙasa da ɗaya. Wata ɗaliba ta taɓa kawo min kundinta a filash, shafi wajen tamanin, duk a haka, tana shirin sake bugawa daga farko. Na ce, "Ƙanwata, kada ki taɓa." Ctrl da H muka danna, muka musanya } da ƙ, ] da ɗ, sauran ma haka, kafin la'asar an gama. Masu rubuta qasa, xaya da varawo su ma haka za su yi, amma su kunna Match case don a bambanta manyan haruffa da ƙanana, kuma in akwai Turanci a ciki su bi ɗaya bayan ɗaya, kada su danna Replace All ya lalata musu kalmomin Turancin.

In ka buga harafin ka ga ya fi 'yan'uwansa ƙiba ko ya karkace, font ɗin ne ba shi da shi, Word ya aro daga wani. Koma Times New Roman, Arial ko Calibri, ko ka sauke Charis SIL, kyauta ne. Kuma kafin ka kai wa mai firinta, mayar da takardar PDF, ka buɗe ta ka duba ƙugiyoyin da idonka.