Shawara ga masu tara kuɗin wayar da kai kan sefsis

Salamu alaikum ƴan uwa. Masu shirin tara kuɗi don 13 ga Satumba, ranar sefsis ta duniya, ga shawarata: kar ku fara da roƙo, ku fara da bayani. Mutanenmu na Damagaram ba su da rowa, amma ba wanda zai ciro jika guda kan cutar da bai taɓa jin sunanta ba.

Ku ce musu ƙwayar cuta ce ke shiga jiki ta miki ko ciwon huhu ko bayan haihuwa, sai jiki garin yaƙi da ita ya koma yana lalata ƙoda da sauran sassansa. Alamun su ne zazzaɓi da makyarkyata ko jiki ya yi sanyi ƙalau, numfashi sama-sama, zuciya na bugu da sauri, fitsari ya ragu, mutum ya ruɗe yana sambatu. Ƙanwata kwana 4 da haihuwa ta fara haka, muka ce masassara ce muna ta jiƙe-jiƙe, sai da ta daina gane mu muka ruga asibiti, Allah ya sa da sauran kwana.

Kuɗin kuma ku bi fada-fada da adashen mata, daga Birni har Zango, ko dala ashirin aka bayar a rubuta a littafi gaban mai ita. Ku sayi fili a rediyo likita ya yi magana da Hausa, don ya fi takarda isa ƙauye. Sauran a ajiye kuɗin adaidaita ga mai jego da ciwo ya kama da dare.