Yadda za ka gane galba na gaske kafin ka biya kuɗinka a kasuwar Katako ta Yamai

Damina biyu kacal bulon ɗin da suka riƙe ƙafafun shatona, wato tankin ruwana na sama, suka yi, ta ukun ba su gan ta ba. Ranar da na saye su sai ƙyalli suke kamar kwanon amarya, mai shago ya ce min Alhaji wannan galba ne ɗauka kawai, ni kuma na ga araha na kwashe. Da muka zo kwancewa kile ya kasa kama kansu, sun zama kamar ƙuli-ƙuli, sai da aka kawo injin yanka ƙarfe, kuma kuɗin da na ba yaron da ya yanke ya fi ƴan dalolin da na yi wa rowa tun farko. Tun daga lokacin na koyi kallon ƙarfe kafin in zaro kuɗi.

Shi galba ba wani ƙarfe ba ne na daban, ƙarfen da ka sani ne aka yi masa riga da zinki, wanda tsofaffi ke ce ma tutiya. Amfanin rigar nan ba rufewa kaɗai ba ne, zinkin shi ke shan dukan a madadin ƙarfen, ruwa sai ya gama cinye shi tukuna ya taɓa na ciki, shi ya sa ko an ɗan karce shi tsatsa ba ta saurin kama wurin. Dabarar ma tsohuwa ce, wani Bafaranshe ne Sorel ya yi mata rajista a 1837. To tunda zinkin cinyewa yake a hankali, duk maganar ta koma kan kauri, riga mai kauri shekaru, riga mai shara-shara damina ɗaya ko biyu.

Iri biyu za ka tarar a kankayeri, wato shagon kayan ƙarfe, kuma duka biyun mai shago galba yake ce musu. Na farko da lantarki ake shafa masa zinkin, shi ne mai ƙyallin nan, fari mai ɗan shuɗi-shuɗi ko kuma rawaya kamar zinare, sumul a hannu. Yawanci kaurin rigarsa mikron 5 zuwa 12 ne, mikron kuwa ka raba milimita ɗaya gida dubu ka ɗauki ɗaya. A kwalinsa za ka ga an rubuta zingué ko électrozingué. Ba jabu ba ne fa, na cikin ɗaki ne, a gado ko almuwar ko tebur zai tsufa da kai. Na biyu shi ne ake tsoma ƙarfen gaba ɗaya cikin narkakken zinki mai zafin digiri 450, ya fito da riga mikron 45 har zuwa 85 gwargwadon kaurin ƙarfen, haka ƙa'idar ISO 1461 ta tsara. Shi ake rubuta wa galvanisé à chaud, kuma wallahi mummuna ne, toka-toka, da kaushi, wani wurin har ka ga inda zinkin ya ɗiga ya daskare. Wannan mummunan shi za ka nema.

In ka shiga Katako kada ka ce a ba ka galba kawai, ka ce na tsomawa kake so, a sho, wato à chaud ɗin nan, kuma a nuna maka kwalin. Wanda ya san sana'arsa take zai gane ba baƙo ya samu ba, sau da yawa ma daga can ciki zai ɗauko maka. Ka riƙe shi a hannu ka shafa zaren bulon ɗin da yatsa, na tsomawa zarensa a ɗan cike yake ba kaifi sosai. Sannan ka karce shi da makullin babur ɗinka a gabansa, ba rashin kunya ba ne kuɗinka ne. In fentin ruwan azurfa aka fesa wa baƙin ƙarfe, kuma ana yi, musamman a fomel na ƙofa da sakata da sarƙa, za ka ga yana ɓarewa baƙi ya fito, ɗan esansi a tsumma ma yana tona asirinsa. Zinki na gaske sai dai ya yi layi mai haske bai tashi ba.

Wani abin da ya taɓa ba ni haushi, kada ka sayi bulon na tsomawa a nan ka je wani shago neman ekuru. Saboda kaurin zinkin, ekurunsa ana ɗan buɗa zarensa ne tun daga masana'anta, na gama-gari zai shiga rabi ya cije. Ka saye su tare har da rondel, ka murɗa kowane da hannu kafin ka bar wurin. Lambar nan 8.8 da ke kan bulon kuma ƙarfinsa take faɗa, ba ruwanta da tsatsa, kar wani ya ruɗe ka da ita.

In aikin babba ne, kamar shingen garka ko rufin gida, kada ka yi gaggawa. Sayi ɗaya-ɗaya daga shago biyu ko uku, naɗe kowane cikin tsumma mai ruwan gishiri, ka riƙa jiƙa shi kamar sati biyu. Farin gari a jiki ba komai, zinkin ne ke aikinsa. Wanda ya fara yin ja shi ne ba za ka koma wa ba.

Akwai kuma inoks, wanda shi ba riga gare shi ba, har cikinsa ba ya tsatsa da sauƙi. A kan bulon ɗinsa za ka ga A2 ko A4, kuma mayen ƙarfe ba ya kama shi sai dai ɗan kaɗan, don haka ka tafi da ƙaramin mayen ƙarfe a aljihu, na tsohuwar sifika ma ya isa. A4 na mutanen bakin teku ne, Kwatano da Lome inda iska ke da gishiri, mu nan Yamai A2 ya ishe mu har ya yi yawa. Ni wurin ɗaure fano na sola nake sa shi, tunda firam ɗinsu alminiyum ne kuma ba ka son hawa rufi kowace shekara.

Gaskiya kuma ba ko'ina ne za ka zuba kuɗi ba. Garinmu busasshe ne, ruwan sama daga Yuni zuwa Satumba ne sauran watanni rana da ƙura, mutumin Tawa ma ya fi mu sauƙi. Ƙarfen da ke tsaye a sarari yana bushewa da wuri, antiruyi da fenti mai kyau sun riƙe shi. Inda tsatsa ke cin mutane shi ne inda danshi ke kwana: ƙarƙashin shato, ƙarfen da ke riƙe kilim inda ruwa ke ɗiga dare da rana, ƙofar makewayi, gindin babbar ƙofa da ke shan ruwan wanki, wurin ɗaurin tumaki don fitsarin dabba ya fi ruwa cin ƙarfe, sai kuma garake na bakin kogi irin na Harobanda da Saga da Gamkalle inda ake ban-ruwa kullum. A waɗannan wuraren kada ka yi ciniki da kanka. Giriyajin garka ma ka duba ƙasansa, layin da ke taɓa ƙasa shi ke fara mutuwa, in da hali a ɗaga shi kaɗan bisa bulo.

Maganar kwanon rufi doguwa ce amma ga kaɗan. In ka ga Z275 a jiki ko a takarda, ana nufin giram 275 na zinki a kowace murabba'in mita, fuska biyun haɗe. Kwanon da ake ce wa aluzenk kuma kashi 55 cikin 100 na rigarsa alminiyum ne, yana jure rana da ruwa ƙwarai amma ba ya shiri da ɗanyen siminti da ɗakin dabbobi. Abin takaici sai mutum ya sayi kwano mai tsada a buga masa da kusar banza, bayan shekara biyu ka ga jan layi na gangarowa daga kowane rami. Kusa ko bis mai hula da roba a wuya za ka saya, galba, a buga a kan tudun kwanon ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. In an gama a share garin ƙarfen da ya zube a kai, shi ke fara tsatsa ya ɓata maka sabon rufi. Kuma kada ka jibge kwano a tsakar gida ruwa ya shiga tsakaninsu ya kwana, farar tsatsa za ta cinye zinkin tun ba a ɗora ba, ka jingine su a tsaye iska na ratsawa.

Sai mai walda, masu sudur ɗinmu. Duk inda wuta ta taɓa zinki ya ƙone, wurin ya koma baƙin ƙarfe tsirara, haka ma bakin tiyo galba da aka yanka aka yi wa zare, shi ya sa kullum daga mahaɗa yake fara yoyo. Kafin ka cika masa kuɗi ka tsaya a kankare wurin a shafa fenti mai zinki, wanda ake sayarwa da sunan galva à froid, in babu ko antiruyi shafi biyu. Inda bulon zai iya riƙewa ma gara a huda a ɗaure da a ƙona. Ka kuma ce masa ya yi aikin a sarari, farin hayaƙin zinki na sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare, madarar da suke sha bayan aiki ba ta kare huhu. Waya ko tiyo na jan ƙarfe kuma a raba shi da galba, in suka haɗu da danshi zinkin ne ke narkewa da sauri.

Ranar ɗaurewa ka shafa ɗan giris a zaren kowane bulon, ka sayi huɗu ko biyar fiye da lissafinka ka ajiye cikin gwangwani tare da guntun kwalin da ke da rubutun, don in ka koma Katako bayan shekara ba lalle ka sami irinsa a shago ɗaya ba, kwalin za ka riƙa nunawa kana bi layi-layi.