Yadda ake sikon mai zabibi da kayan ƙamshi

Sikon ɗan burodin shayi ne na mutanen Birtaniya, wanda ba a sa masa yis, bakar hoda ce ke tayar da shi. Lokacin Kirsimeti sukan ƙara masa zabibi da kayan ƙamshi da ɓawon lemu, a ci shi da ɗumi. Ban da jiƙa zabibi, haɗinsa bai fi minti 15 ba, amma abu biyu ke ɓata shi: narkakken bota da yawan murza.

Kayan haɗi na guda 8: fulawa giram 350 (kusan kofi 3), bakar hoda ƙaramin cokali 4, gishiri rubu'in ƙaramin cokali, bota mai sanyi giram 85, sukari babban cokali 3, madara ta ruwa mililita 175, zabibi giram 100, kirfa ƙaramin cokali 1, garin citta rabin ƙaramin cokali, gyaɗar ƙamshi rubu'in ƙaramin cokali, kanumfari ɗan kaɗan, gogaggen ɓawon lemu ɗaya da ƙwai ɗaya na shafawa. A yi hattara da kanumfarin, in ya yi yawa shi kaɗai za a ji.

Uwargida ki fara da jiƙa zabibin a ruwan shayi mai zafi na minti 20, ki tsane shi sosai da ƙyalle mai tsabta. Wanda ba a jiƙa ba yana zuƙe ruwan kwaɓin, na saman kuma ya ƙone ya yi ɗaci. Ki kunna oben a digiri 220, ki bar farantin gashi a ciki ya ɗau zafi.

Ki tankaɗe fulawa da bakar hoda da gishiri da kayan ƙamshi tare. Ki yanka botar ƙanana ki zuba, ki riƙa murtsuka ta da kan yatsu, kina ɗaga fulawar sama, har ta koma kamar tsaki. Kada ki sa tafin hannu, ɗuminsa narkar da ita yake. Waɗannan 'yan ɓurɓushin botar su ne ke sakin tururi a cikin wuta su buɗa cikin sikon ɗin. In garin da zafi, ki sa botar a firiza minti 15 ki goga ta da abin goga kuɓewa, madarar ma ta fito daga firij.

Ki zuba sukari, zabibi da ɓawon lemu. Ki yi rami a tsakiya, ki tsiyaya madarar amma ki rage cokali 2, don fulawa ba duka take shan ruwa daidai ba. Ki juya da wuƙar tebur har ya haɗe. Kwaɓin zai ɗan yi danƙo, haka ake so. Ki juye a tebur da kika barbaɗa wa fulawa, ki ninka shi sau 2 ko 3 kawai. Wannan ba kwaɓin cincin ba ne, in ya sha murza ƙarfi zai yi ya ƙi tashi.

Ki daddanna shi da hannu, kaurinsa ya kai santimita 3, wato kamar yatsu biyu. Ki tsoma abin yanka mai faɗin santimita 5 a fulawa (ƙaramin gwangwanin tumatir ma ya yi), ki danna tsaye ki ɗaga tsaye. In kika murɗa shi, gefen zai toshe, sikon ya fito a karkace. Ki shafa ƙwai a samansa kaɗai, kada ya gangaro gefe, don yakan ɗaure shi.

Ki jera a farantin nan mai zafi, ki gasa minti 12 zuwa 15 har saman ya yi ja, ba tare da buɗe ƙofar ba a minti 10 na farko. Wadda ba ta da oben za ta iya gashin tukunya da yashi, sai dai yashin ya yi zafi sosai kafin a ɗora, kuma saman ba zai yi ja kamar na oben ba.

In ya fito a baje, ko dai an danne kwaɓin da yawa ko bakar hodar ta kwana biyu. Gwajinta da sauƙi: ki sa ƙaramin cokali a ruwan zafi, in ba ta yi kumfa nan take ba ki zubar.

Da hannu ake raba shi biyu, a shafa jam da kirim mai kauri. A Ingila, mutanen yankin Konwol jam suke fara shafawa, na yankin Debon kuma kirim, kuma har yau kowa na ganin nasa ne daidai. Sikon ba ya son kwana, don haka in baƙi kike jira, ki yanka ɗanyensa ki ajiye a firiza, ranar ki gasa kai tsaye ki ƙara masa minti 3.